Kunnen Dama na Aƙilu Bakanike

Duk direban da ya taɓa kwana da matacciyar mota a Sokodé ya san garejin Aƙilu, can bayan tashar manyan motoci. Gajere ne, mai saurin fushi, kuma in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta hagunsa. Kunnen dama kwalliya ce kawai.

Tun yana saurayi da kunne yake cin abinci. Sauran kanikawa sai sun warware inji kafin su gano ciwonsa. Shi kuwa doguwar sukudireba yake ɗauka, ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Kafin ka gama gaishe shi ya faɗa maka abin da ya lalace. Har daga Kambolé ake jawo masa motoci, kuma ba ya ɓoye jin daɗin hakan.

A bazarar 1991, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi da zanga-zangar neman a buɗe jam'iyyu, aka aiko masa cewa motar shanu ta tsaya kusa da Dapaong, dabbobi na galabaita a rana. Ya ɗauki jakar kayan aiki ya tafi. Dab da gari ya tarar samari sun tare hanya da tayoyi. Shugabansu wani ɗan kamasho ne mai wushirya, Issifou, wanda siyasa ba ta dame shi ba, ikon kwana biyu ne ya yi masa daɗi.

"Yau an ce babu aiki, kai ne ka fi kowa yunwa?" in ji Issifou.

"Shanu ne za su mutu, ɗan'uwa."

"To, tunda zafi ya dame ka, zo ka sha iska."

A gefen hanya akwai tafkin da yara ke iyo a cikinsa duk bazara, ruwan ya janye ya yi kore, shanu ma nan suke sha. Issifou ya sa shi ya shiga da kayansa, ya ce ya nutsa sau bakwai, yana ƙirgawa yana dariya. Aƙilu ya haddace wannan dariyar.

Kwana uku bayan nan, yana masauki a Zangon Dapaong, kunnuwansa suka fara ƙaiƙayi. Ya naɗa auduga a guntuwar waya ya yi ta sosawa. Washegari ko taɓa fatar kunnen ba ya iyawa, tauna ma azaba ce, ruwa mai wari na tsatsafowa. Asibiti ba ya shiguwa saboda hargitsi. Nan Aƙilu ya yi abin da kanikawa ke yi wa kowane rauni: ya buɗe gwangwanin man birki ya ɗiga a kunnen dama, wanda ya fi ciwo. Ya ce a ransa abin da ke tsayar da jinin yatsa ba zai gaza da kunne ba. Zafin da ya ji sai da ya durƙusar da shi.

Mai masaukinsa ya kai shi wurin Memounatou, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke duba mutane a zaurenta. Ta haska fitila a kunnen, ta shinshina, ta kalle shi.

"Patiron, kanka injin babbar mota ne? Ka huda dodon kunne da waya, ka bi shi da man birki."

"Inna, a taimaka."

"Na hagu zan iya. Na dama sai abin da Allah ya yi."

Ta share na hagun a hankali, ta cusa siririyar auduga kamar lagwani don magani ya ratsa kumburin, ta riƙa ɗiga masa maganin farmasi safe da yamma. Ta hana ruwa taɓa shi har kwana goma. Ta kuma koya masa abin da bai taɓa mantawa ba: wanda ya fito daga ruwa ya karkata kai, ya ja fatar kunne ruwan ya fita, ya goge bakin kunnen da tsumma mai tsabta. Ba tsinke, ba gashin kaza. In ciwo ya fara, a nemi ma'aikatan jinya. Na hagu ya warke. Na dama ya yi shiru, bai sake jin ko tsawa ba.

Gaskiya dai wayar da man birkin aikin hannun Aƙilu ne. Amma kada ka kuskura ka faɗa masa haka. Shi a wurinsa wanda ya jefa shi a tafki shi ya cinye masa kunne, kuma ya riƙe abin a zuciya, kullum yana juya shi. Ya koya wa kunnen hagu aikin biyu. Duk bazara kuma, in ya ga masu iyo sun taso daga rafi, sai ya tare su da faɗa har sai kowa ya karkata kai ya tsiyaye kunne.

Bayan shekara uku, ƙura ta lafa, wata tsohuwar babbar mota ta shigo garejinsa da tsakar rana, shaƙe da kwandunan tumatir na Dapaong za a kai Lome. Tun daga ƙofa kunnen hagu ya gaya masa komai: boris ya cinye, injin na dab da bugawa. Mai motar ya diro yana dariya, ga wushirya: Issifou ne. Bai gane Aƙilu ba, mutanen da ya jiƙa a wancan makon suna da yawa.

"Maigida, an ce kai ne mai kunne. Wata 'yar ƙara nake ji, ga shi duk abin da na mallaka yana kan motar nan."

Aƙilu ya ɗauko sukudireba. Ya dafa ta a inji, ya manna ƙotar a kunnen dama, ya lumshe ido ya daɗe. Kanikawan da ke kusa suka dubi juna.

"Lafiyarta lau," ya ce, ƙarya tsagwaronta. "Taka ta da kyau ka isa da wuri."

Ko kuɗin dubawa bai karɓa ba. Motar ta wuce garin Aouda da kaɗan injin ya buga. Kwana biyu tumatir na dahuwa a rana, har ruwansa na bin kwalta.

A rana ta uku Issifou ya dawo a ƙafa, idanu jajur, ya tsaya a tsakiyar gareji yana cewa ashe kunnen da ake yabo na banza ne. Aƙilu ya bari mutane suka taru tukuna.

"Tafkin bakin Dapaong, ranar da ka ce babu aiki. Sau bakwai ka ƙirga." Ya taɓa kunnen dama. "Na hagu ya ji ciwon motarka tun daga ƙofa. Amma shi na mutane ne. Kai da wannan na saurara maka, wanda ka bar mini."

Issifou ya buɗe baki da zagi, tun daga iyaye har kakanni. Aƙilu ya gyara zama a kan benci, ya juya masa kunnen dama, ya ci gaba da wanke filogi a cikin fetur.