Tsumagiyar Dogonyaro

A ajinmu na biyar a firamare, can Zuru, mulki ba a hannun malami yake ba. Malaminmu mutum ne mai sanyin hali, da ya gama rubutu a allo sai ya koma inuwa da rediyonsa, ya bar mu da monita. Monitar nan kuwa ta girme mu da shekara uku, doguwa ce mai faɗin kafaɗa. Daga wani ƙauye a wajen Bena aka kawo ta karatu gidan kawunta, tsohon soja. Kofur muke kiranta a bayan idonta. Da ta ji, sai sunan ya yi mata daɗi, ya zama dole a kira ta da shi a gabanta ma.

Ni ce mafi ƙanƙanta a ajin, kuma ni ce mafi baki. A takardar masu surutu sunana ne kullum na farko. Wani lokaci Kofur takan rubuta shi tun ban iso makaranta ba, don ta rage wa kanta aiki.

A waɗancan shekarun ne wayar hannu ta fara shigowa garin, manya suna hawa tudu neman sabis. Mu kam ba wannan ne a gabanmu ba. Abin da ya dame mu shi ne tashin tara, lokacin da kowa ke kwance ƙullin rogo da ƙuli ko awararsa, Kofur kuma tana zagayawa tana ɗanɗana na kowa. Ɗanɗanonta rabi ne. In ta ƙoshi sai ta jera mu fareti a bayan aji, hagu dama, hagu dama, wanda ya kuskure ƙafa ya yi tsallen kwaɗo har bakin rijiya. Gaskiya faretin yana ba mu dariya, musamman wani ɗan ajinmu da bai taɓa bambance hagunsa da damarsa ba har muka gama firamare.

Abin da ba ya ba da dariya shi ne tsumagiya. Kofur ba ta yawo da bulala. In ka yi laifi sai ta nuna maka dogonyaron da ke bayan aji ta ce, "Tafi ka tsinko da kanka." Kai za ka zaɓo abin da za a dake ka da shi, ka kawo da hannu biyu, ka durƙusa ka miƙa.

Ni da nake ganin na fi kowa wayo, kullum sai in zaɓo mafi siranta, ɗanya sharaf, mai laushi kamar igiya. A tunanina ƙaramar tsumagiya ƙaramin zafi. Amma kullum ni ce nake fin kowa kuka, na kasa gane dalili. Ran nan na miƙa mata irin wadda na saba, sai ta juya ta a hannu, ta dube ni kamar mai jin tausayin wautata.

"Ke dai baki ne da ke, babu hankali," in ji ta a hankali, yadda saura ba za su ji ba. "Siririya ɗanya ita ka cin jiki, kuma ba ta karewa. Ɗauko busasshiya mai kauri. Duka uku ta karye, shi ke nan an ƙyale ki."

Duk da haka sai da ta zuba mini biyar da siririyar. Amma ilimi ya samu. Kafin a tashi na sanar da aji duka, washegari kowa ya koma kawo busasshen reshe. Kwana biyu muka yi muna shagali, tana ɗagawa yana karyewa, muna ƙunshe dariya. Da ta gane bakina ne ya fasa sirrin, sai ta je ta tsinko ɗanya da kanta, ta shimfiɗa mini ita a dantse har wurin ya tashi.

Mamata tana sayar da tumatir da tattasai a kasuwa, kuma mace ce da ba a taɓa mata ɗiya. Da ta ga shatar a hannuna, ko zani ba ta sake ba ta hau babur ɗin kabu-kabu sai ofishin hedimasta. Ta fara da Hausa, da rai ya ɓaci ta juye zuwa yarenmu, hedimasta yana ta ba ta haƙuri. Ya yi alkawarin zai rubuta wa kawun yarinyar takarda, ita Kofur ɗin ta kai masa da hannunta. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har rawa na taka a tsakar gida.

Da yamma Mama tana gyaran wake a tire, ni kuma ina ba ta labarin busasshiya da ɗanya, ina nuna mata irin ilimin da na samu. Sai hannunta ya tsaya.

"Wa ya gaya miki hakan ga?"

"Ita Kofur ɗin."

"Ita kuma wa ya koya mata?"

Na ce ban sani ba, ai kowa ma zai iya ganewa. Mama ta ce ni da nake shan tsumagiyar wata da watanni na gane? Ta ci gaba da tsince waken, amma na lura tana zubar da mai kyau tare da tsakuwa.

Washegari da aka tashi, hedimasta ya kira Kofur ya ba ta takardar a ninke. Hanyarmu ɗaya har zuwa kwanar masu niƙa, don haka na bi ta a baya daga nesa, ina so in ga yadda Kofur take in an karya mata ƙaho. Tana tafe a hankali, takardar a hannu. Kusa da kwanar akwai wani babban dogonyaro a bakin hanya. Nan ta tsaya, ta ajiye jakarta, ta shiga tona busassun rassan da suka zubo. Ta ɗauki ɗaya ta lanƙwasa, ta yar. Ta ɗauki wani ta gwada a gwiwa. Babu wanda ya aike ta. Kawun ma bai ga takardar ba tukuna. Ta dai san abin da zai ce in ya karanta, tana rage wa kanta hanya.

Da ta sunkuya rigarta ta ɗaga, na ga bayan ƙafafunta. Shatar da ke hannuna guda ɗaya ce, na tara mata gari. Nata kuwa ba su ƙirguwa, sababbi a kan tsofaffi.

Murnata ta mutu nan take. Kunya ta kama ni, da tsoro, don na san bakina ne ya jawo takardar nan. Na yar da silifas ɗaya a hanya wajen gudu zuwa kasuwa. Ina haki na gaya wa Mama, maganar tana fita a hargitse, amma ta gane tun ban kai ƙarshe ba. Ta bar wa maƙwabciyarta tumatir, muka tari kabu-kabu.

Mun sami Kofur a zaune a kan dutse da takarda da sanda a hannu, tana hango ƙofar gidansu, ta kasa ƙarasawa. Mama ta miƙa hannu.

"Ba ni takardar ga, ɗiyata."

"Mama, hedimasta ya ce in kai ma Kawu."

"Ni na sa aka rubuta ta, ni ka maishe ta. Tashi mu tafi gida ki ci tuwo."

Ta karɓe takardar ta cusa a ɗaurin zaninta, sandar kuma ta jefa a kwata. Da safe ta koma wa hedimasta ta janye ƙararta, ta kuma gaya masa abin da na gani. Ban san duk yadda manya suka yi ba. Na dai san matan zumunta na cocinmu sun yi ta sintiri gidan tsohon sojan nan da sunan gaisuwa, su shida shida, har ya gaji da shimfiɗa tabarma. Na kuma san an shirya cewa Kofur za ta riƙa biyowa gidanmu bayan makaranta mu yi aikin gida tare. Ba zan ce dukan ya ƙare gaba ɗaya ba. Ya dai ragu, don kawun ya san yanzu akwai masu duba ƙafafun.

Ita ma ba ta zama waliyya a kwana ɗaya ba. Fareti ya ci gaba, sunana bai bar kan takarda ba, awarata ma ba ta tsira ba sai dai yanzu takan tambaya kafin ta ɗauki rabi. Amma ba ta sake tura kowa gindin dogonyaro ba.

Wata Asabar da rana muna cin abinci a gidanmu, ta tashi za ta ɗebo ruwa, gwiwar hannunta ta ture kwanon tangaran na Mama, wanda ba a fito da shi sai an yi baƙi. Ya faɗi ya rabu uku. Ni na buɗe baki zan yi dariya. Ita kuwa sai ta fita waje. Muka zaci kunya ce ta kore ta. Can sai ga ta ta dawo da busasshen reshe mai kauri, ta durƙusa gaban Mama a bakin murhu, ta miƙa da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Mama ta daɗe tana kallon sandar. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙi ne. Sannan ta karɓa, ta karya ta biyu a gwiwa, ta tura ƙarƙashin tukunya.

"Sannu da ƙoƙari, ɗiyata," in ji ta. "Kin iya zaɓen icce. Wanga busasshe ne, zai ci wuta da kyau. Tashi ki gama tuwonki kafin mai bakin ga ta cinye miki nama."

Kofur ta juyo da sauri ta dubi kwanon tuwonta. Naman kam na riga na cinye.