Tabon Bayan Kunne

Ƙanena mai aski ne, shekara goma sha tara ke nan yana sana'ar. Shagonsa ba abin a zo a gani ba ne: kujera biyu, benci ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da fankar da ƙararta ta fi iskarta. Shagon ɗinkina yana jikin nasa, katako ne kawai tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa ba a gari na tsinto shi ba.

Tun yana yaro ba shi da surutu, kunne gare shi. Namiji kuwa, da an ɗaura masa ƙyalle a wuya ya ba mutum baya, sai bakinsa ya buɗe, abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba ya zazzage shi tas. Ƙanena yana saurare, in mutum ya fita sai ya jawo littafi daga ƙarƙashin akwatin reza ya duƙufa. Na sha yi masa tsiya, ina cewa da sharar gashin nan ya yi da ya fi masa. Sai ga shi bara an buga masa littafi. Wallahi na yi murna, har da hawayena.

Daga nan rayuwa ta rabu masa biyu. Da safe a kira shi gidan rediyo, ya tafi da gashin mutane a kafaɗar riga, ya dawo ya tarar da benci cike ana yi masa kirarin Malam Marubuci. Matarsa tana mita, wai yana gida amma ba ya gida. Masu buga littafin suna ta waya, sai sun ga na biyu. Duk wannan da sauƙi.

Inda gizo ke saƙar, ya sauya wa mutanen littafinsa suna da sana'a, amma bai sauya musu kawuna ba. Mai aski da ƙeya yake sanin mutum: mai sanƙo ta gefe, mai kumburi a tsakar ka, mai furfura kamar an ɗiga fenti. Haka ya zana su, a tunaninsa babu mai kallon ƙeya sai shi. Ka ji wauta! Sai ka ce 'ya'yan mutum ba a wuyansa suka girma ba.

Akwai wani dattijo, Baba Direba, mai zuwa duk Talata da safe, yana da tabo kamar ƙugiya a bayan kunnen hagu. Shekara talatin baya ya yi hatsari, matarsa ta rasu a motar, ta bar masa 'ya mai shekara biyu. Kowa ya san taya ce ta fashe. Wata Talata ya gaya wa ƙanena gaskiya: babu tayar da ta fashe, barci ne ya sace shi a kan sitiyari. Da kunnena na ji ta cikin katako, har na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Wannan labarin, da tabon, suna cikin littafin.

'Yar ta girma, malamar makaranta ce. Ta sayi littafin don mai askin babanta ne ya rubuta. Ta gane tabon, ta tambayi uban, bai musa ba, ita kuma ta ɗauke ƙafa daga gidansa.

Tsohon ya zo sau ɗaya bayan nan. Da aka gama aski aka kwance masa ƙyalle, sai ya dubi ƙanena ta madubi.

"Shekara talatin na riƙe maganar nan, ɗana. Kai ko biyu ka kasa."

Ya sa hularsa ya fita. Bayan wata biyar ya rasu.

Tun daga ranar ƙanena bai koma daidai ba. Duk Talata da safe ba ya ɗora kowa a kujerar kusa da ƙofa, wai yana jin tarin tsohon a bencin yana jiran aski. In ya zo bayan kunnen mutum na hagu, ina jin injin ya tsaya, sai an ce masa lafiya kafin ya ci gaba. Masu zuwa ba sa ba shi labarin komai yanzu sai ƙwallo da zafin gari. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, duka a rana ɗaya.

Makon jiya da la'asar malamar ta shigo da littafin a hannu. Ta ƙi zama. Ta ce tambaya ɗaya ce ta kawo ta: barci ne ko taya? Na ajiye almakashi, don na san duk wadda ya zaɓa sai ta yanke wani.

"Taya ce, Malama," in ji shi. "Barcin ni na ƙirƙira, don labari ya yi daɗi."



"Wata biyar ban gaishe da ubana ba. Yana kira ina kashe waya. Ashe a kan ƙaryarka ne?"

Ya ce e, a kan ƙaryarsa ne. Ta ce ba za ta taɓa yafe masa ba, ya ce ya sani. Ta ajiye littafin a benci ta fita.

Na zagayo da niyyar in ce me ya sa, na tarar da shi a tsaye da tsintsiya.

"Yaya, na mayar wa tsohon da abinsa," ya ce. "Kada ki gaya wa kowa."

Na ce to. Ni dai ban faɗi kunnen da tabon yake ba na gaskiya.