Baba Sarƙa da Jirgin da Ya Nufo Ajinmu

Kowace safiya, kafin in gama share allo, nakan hango shi ta tagar aji. Makarantarmu tana manne da shingen waya na sansanin sojan sama, daidai inda titin saukar jirage ya ƙare. Dattijo ne siriri, gwangwanin baƙin mai a hannun hagu, ƙaramar guduma a dama. Yana bin wata ƙatuwar sarƙa da aka shimfiɗa a gefen titin, hagu da dama, yana ƙwanƙwasa ta zobe-zobe, yana saurare. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Sojoji da ɗalibaina duk Baba Sarƙa suke ce masa.

Sarƙar irin wadda ake tsayar da jirgin ruwa da ita ce. An gitta igiyar ƙarfe a kan titin, an ɗaure bakinta biyu a jikin sarƙar. Idan birkin jirgin yaƙi ya ƙi, matuƙi zai saki ƙugiyar da ke ƙarƙashin wutsiya ta cafki igiyar, sai jirgin ya riƙa jan sarƙar, nauyi yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ya tsaya. Dabarar ta girmi duk wanda ke sansanin. Kuma tun da Baba ya kama aiki ba ta taɓa tare ko tsuntsu ba.

Da aka kawo sababbin jirage bara, makanikai suka sa shi gaba da tsiya.

"Baba, waɗannan kwamfuta ce ke taka musu birki. Ka huta mana!"

"To, madalla," in ji shi. "Ita kwamfutar nauyinta kilo nawa ne?"

Suka yi dariya. Ba a jima ba takarda ta fito: a kwashe sarƙar a ƙarshen wata, ranar da shi ma zai ajiye aiki.

Saura kwana tara aka ce manya za su zo rangadi. Soja kuwa, in an ce baƙi na tafe, ko dutse sai ya sha fenti. Ranar da Baba ya tafi cika takardun barin aiki, sai wani ƙaramin hafsa ya sa aka tattara sarƙar tuli biyu, tsaf-tsaf, aka shafe ta da farin fenti. Matar Baba, wadda ke share mana azuzuwa, ta ce mini ranar ko loma ɗaya bai kai baki ba.

"Na ce masa, Malam, me ya yi zafi? Kwana tara fa ya rage maka. Sai ya ce, a kwana taran jirage za su daina sauka ne?"

Da safe ya tsaya gaban hafsan. "Yallaɓai, kwalliya ta yi kyau, amma an kashe ta. Sarƙa a tule, in jirgi ya fizge ta nauyin zai zo masa lokaci ɗaya. Igiyar za ta tsinke kamar zare."

"Baba, sarƙar da za a kwashe? Bari baƙi su tafi tukuna."

Bai bari ba. Direban motar kashe gobara ya ba ni labarin yadda suka yi kwana uku a rana, mota tana ja, Baba yana bi da ƙarfen banƙara yana miƙar da kowane zobe a mazauninsa. Ladan da ya samu shi ne takardar tuhuma, wai ya ɓata tsarin tarbar baƙi.

Ranar Laraba da hantsi ina koya wa yara arba'in da ɗaya lissafin rabawa. Mun saba da ƙarar jirage, ba ma ko ɗaga kai. Amma wannan ƙarar ta ƙi raguwa. Na waiga. Sabon jirgi ne, ƙafafunsa a ƙasa, ya wuce inda sukan rage gudu, hancinsa yana kallon tagarmu. Innalillahi! Alli ya faɗi daga hannuna. Ni da nake koya wa yara abin da za su yi in wuta ta tashi, na tsaya kamar an dasa ni.

Sai na ji wani kukan ƙarfe da ban taɓa jin irinsa ba. Ƙugiya ta kama. Sarƙar da na ɗauka ta mutu ta tashi daga ɓangare biyu, tana tartsatsin wuta, farin fenti yana warwatsuwa kamar gari. Jirgin ya ja, ta ja. Ya tsaya. Da yamma na auna da ƙafata: taki sittin da uku tsakaninsa da shingen, goma sha ɗaya daga shingen zuwa bencin farko.

Matuƙin ya sauko ya zauna a ƙasa. Baba ya iso da gudu-gudu, ya durƙusa yana duba igiyar.

"Baba," in ji matuƙin, "wa zan gode wa?"

"Allah, ɗana. Amma ɗan matsa, ai a kan zobe kake zaune." Sannan ya dafa kan matuƙin.

Abin da ya fi girgiza ni ya zo daga baya. An karanta wa iyayen yara sanarwa cewa kayan gaggawa sun yi aiki yadda ya kamata. Kaya! Ba a ambaci mutum ba. Ranar sallamar Baba aka ba shi agogon bango, kuma ba wanda ya tuna ya janye takardar tuhumar.

Baba, kai ne ka yi shekara talatin da ɗaya kana shirya wa minti ɗaya. Kai ne ka ƙi yarda cewa abin da bai taɓa amfani ba ba shi da amfani. Mai guduma, mai kunnen ƙarfe! Mun sha faɗin da tsohuwar zuma ake magani, amma sai ranar na ga maganar da idona. A madadin yara arba'in da ɗaya da iyayensu, da uwar matuƙin nan, na gode. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai albarka.

Mu kuma da ke riƙe da ƙananan ayyukan da ba mai dubawa, mu riƙe su kamar gobe za a nema. Kuma kafin mu kwashe tsohon abu, mu tambayi wanda ke shafa masa mai.

An soke umarnin kwashe sarƙar. Ranar Litinin na leƙa taga, na ga hafsan nan da gwangwani da guduma, ya sunkuya a kan zobe na farko. Baba yana tsaye ta ɓangarenmu na shingen, cikin kayan gida, ya kama wayar shingen da hannu biyu.

"Ba haka ba, Yallaɓai! Ƙwanƙwasa, sannan ka yi shiru ka ji abin da za ta ce."