Shanun da Ba Su Sauka a Gonarmu Ba

Da furfura a gemuna na koma karatu. Ranakun aiki ina koyarwa a wata firamare a Bungudu, Asabar da Lahadi in hau mota zuwa Gusau in zauna a benci. Tarihi na zaɓa, wai a tunanina labari kawai za a yi ta ba mu. Ashe wahala na jawo wa kaina. Juyin juya halin Faransa kaɗai sai da ya sa mini ciwon kai: yau a sare kan sarki, gobe a sare kan wanda ya sare na sarkin. Ba mu huta da su ba aka ɗora mana daulolin Turai, sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Malaminmu kuwa ba ya gajiya da tambayar musabbabi, na nesa da na kusa, mu kuma zufa na zuba, fanka a tsaye.

Abokin zamana a bencin wani Bafillace ne, malamin makaranta a wajen Tsafe. Ba a ajin muka san juna ba. Rugarsu tana kusa da ƙauyenmu, Kekun Waje, kuma tun muna yara, da zarar an yanke dawa mahaifinsa zai sauko da shanu gonar Babana. Su ci kara, su bar mana taki, Baba ya auna musu dawa, su aiko mana da nono. Ba wanda ya taɓa kiran abin ciniki. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa ɗan daji mai biro.

Da ƙasar ta rikice, shanun suka daina zuwa. Baba ya tsufa, gonar ta gaji, amma ba takin ne ya dame shi ba, amininsa yake nema. Wani zuwa da na yi gida sai ya riƙe ni.

"Kana ganin yaron ga Gusau ko? Ka ce ya gaya ma tsohonai mun yanke dawa, kara na nan. Mi ya hana shi zowa?"

Asabar ɗin da na isar da saƙon, darasin ƙawancen ƙasashe aka yi mana: an harbe wani yarima a wani gari, sai wannan ƙasa ta tashi don ƙawarta, waccan ma ta tashi don tata, har mutanen da ba su taɓa jin sunan yariman ba suka mutu a ramuka. Muka fito muka zauna gindin darbejiya, na faɗa wa abokin nawa abin da Baba ya ce. Ya daɗe yana kaɗe ƙurar takalminsa.

"Kaɗo, in Baffa ya sauka gonarku, 'yan bindigar daji za su ce rahoto yake kai muku. Mutanen garinku kuma su ce Babanka yana saukar da 'yan leƙen asiri. Wa zai kwana lafiya a cikinsu?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Malam! Tsofaffi biyu da karan dawa? Wa suka tsare wa wani abu?"

"Ba kowa," ya ce. "Ai ba sai sun yi komai ba." Sai ya sassauta murya. "Baffa ma ya tashi. Ya yi kudu da ragowar shanun tun kafin girbi. Ya so ya yi sallama da Babanka, yayyena suka hana."

Wallahi gajiyar da na ji a lokacin ba ta karatu ba ce. Muka koma aji, malam ya ci gaba da jero ƙasashe a allo, ban rubuta ko kalma ba.

Juma'ar da ta biyo na je Kekun Waje. Na tarar da Baba a bakin gona, kan buzunsa. Ashe ya hana kowa taɓa karan, Inna na ta mita tana son na darni da na girki, maƙwabta duk sun kwashe nasu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai yadda aka faɗa mini.

Ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar.

"Ka ce ma uwarka ta turo a kwashe karan."