Takalmin Baba da Rubutun Jagora

Ni ba ni da haƙurin zama, kowa a gidanmu ya sani. Ko a makarantar da nake koyarwa, a tsaye nake duba aikin yara. Amma zirga-zirgar da na yi ranar da na kai Baba kallon rubuce-rubucen Jagora ban taɓa yin irinta ba, kuma duk a kan takalmi.

Jagora shi ne abin da mutanen yankinmu ke kiran wani malami da ya tsaya wa talakawa a zamanin da ake kai mutum noman gandun mai sarauta ko yana so ko ba ya so. Ya rasu tun ina yarinya. A shekarun farko na ƙaddamar da shari'a, jikokinsa da wasu malaman makaranta suka tattaro abin da ya bari da hannunsa, wasiƙu da 'yan takardun da yake zuba tunaninsa, suka baje su a wani ɗakin taro cikin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu. Baba ya ji sanarwa a rediyo a ƙauyenmu, can gefen garin Babban Mutum, ya aiko mini da saƙo in zo in ɗauke shi. Wanda aka ba saƙon ya yi ta yawo da shi a baki, bai faɗa mini ba sai ana jibi za a kwashe kayan a kai Katsina.

Baba ba kallo kawai zai je ba. Yana saurayi shi ne mai keken Jagora. Shi ke ɗaukar saƙonsa na ajami ya kai kasuwanni, Mai'aduwa, Kongolam, duk inda mutane suka taru, ya hau kan turmi ko buhu ya karanta musu. Ya san hannun mutumin nan kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Kullum yana ba mu labari cewa rubutun a karkace yake, kamar gero bayan iska. Ga shi yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani. Idan rana ta take, ya kawo takarda daf da hancinsa, yana iya raba baƙi da fari. Da zarar haske ya ragu, shi ke nan. Mun sani, shi ma ya sani, idon ba zai kai wata daminar ba.

Saboda haka na yi sammako na ɗauko shi, muka iso da hantsi, rana fes. Na ce a raina, mu shiga, ya gani, mu fita, in mayar da shi kafin motocin ƙauye su ƙare.

A bakin ƙofa muka tarar da tulin takalma, silifa da fade da sau-ciki, wasu a jere, wasu a kife. Wani ɗan agaji, magidanci mai furfura a gemu, yana tsaye da kakinsa a goge. Ni ban ko yi tunani ba na zame nawa. Baba kuwa ƙafarsa ta taɓa tulin, ya tsaya cak.

"Uwata, masallaci ne nan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "A'a, Baba, ɗakin taro ne."

"To takalman mene ne?"

Ɗan agajin ya matso cikin ladabi. "Baba, sannu da zuwa. A tuɓe takalmi, doka ce. Akwai sunan Allah a takardun."

Baba ya ce, "Ɗana, ai ko a kasuwa akwai sunan Allah, a bakin kowane mai awo. Wa ya sa dokar?"

"Haka dai muka samu."

"To ni ba zan tuɓe ba."

Na san inda aka taɓo. Sa'ad da Baba ya ƙi zuwa noman gandu, an kira shi gaban mai sarautar ƙauyenmu. Al'adar lokacin, talaka tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya zo ya zube a ƙasa. Jagora kuwa ya koya musu cewa wannan na Allah ne kaɗai. Baba ya shiga da takalminsa, ya tsaya a tsaye ya yi sallama. Aka yi masa bulalar da har yau tabonta na bayansa, aka kuma ɗaure shi. Tun daga ranar, takalminsa masallaci yake cire wa, sai ɗakin mutane idan an shimfiɗa tabarma. Ofis, asibiti, gaban kowane babba, da shi yake shiga. Mu dai 'ya'yansa mata har gobe sai mun durƙusa muke gaishe shi, kuma bai taɓa cewa mu tashi ba, amma wannan wata magana ce da na sha tsokanarsa da ita.

Na roƙi ɗan agajin, na ba shi labarin a gurguje. Ya tausaya, amma ya ce in ya bar mutum ɗaya, kowa zai ce shi ma. Na koma kan Baba, na ce minti nawa ne, wa zai gan ka? Ya lalubi wani benci a gindin darbejiya ya zauna, ya dogara sandarsa. Ya ce, "Shiga ki gano mini. In sun gaji sa bar ni."

Haka na shiga ni kaɗai, raina a ɓace. An jera teburori gajeru, kowanne da akwatin gilashi, takardun a ciki sun yi launin ƙasa. Mutane na tafe a hankali, ƙafa ba takalmi, ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan gaisuwar rasuwa. Wani tsoho na shafa gilashin yana shafawa a fuska. Na sunkuya kan takardar farko da ɗan ajamin da na koya a makarantar allo. Rubutun a karkace yake kuwa, Baba bai ƙara gishiri ba. Na zaci zan ga manyan maganganu. Ashe wasiƙa ce daga gidan yari zuwa ga matarsa, yana kukan ciwon haƙori, yana roƙo a aiko masa da kanumfari.

Na fito da sauri na faɗa wa Baba. Ya yi dariya har da buga sanda. "Haƙorin nan! Na can ciki ne, na hagu. Yana tsakiyar jawabi sai ka ga ya dafe kunci. Koma, me kuma?"

Na koma. Wata takardar kan karatun 'ya'ya mata ce, ya rubuta ya soke, ya sake ya soke, har alƙalami ya huda wuri ɗaya. Na tsaya a kanta fiye da sauran, domin saboda ita Baba ya kai ni makarantar boko duk da surutun dangi. Na fito na faɗa. Na koma. A wata yana faɗa da kansa a kan saurin fushi. A wata yana tambayar ko akuyarsu ta haihu. Kowace fitowa sai na nemi takalmina cikin tuli, kowace shiga sai na zame su, har ɗan agajin ya fara kawar da kai in na zo. Kuma duk labarin da na kawo, maimakon ya ƙosar da Baba, sai ya ƙara masa ƙishirwa. Ina ganin yadda yake juya fuska wajen ƙofar yana ƙifta ido.

Wata mai fura da ta kafa ƙwaryarta kusa da bencin ce ta ba ni asalin dokar. Ta ce ranar da aka buɗe babu wanda ya ce a cire komai. Wasu dattawa ne suka leƙa, suka ga ajami da Bisimilla a saman kowace takarda, suka ɗauka irin rubutun malamai ne, suka ja da baya suka tuɓe. Na bayansu suka bi. Kafin azahar ta zama doka, washegari har an rubuta a kwali. Na ji kamar in yi kuka don haushi. Wasiƙar ciwon haƙori fa!

Na garzaya neman masu shirya taron. Aka ce shugaban kwamiti ya je taryen baƙo. Mataimakinsa ya ce shi ba zai iya canza abin da jama'a suka saba ba, ranar ƙarshe kuma. Wani jikan Jagora ya saurare ni da kyau, ya ce in jira, ya shige wani ɗaki, ban ƙara ganinsa ba.

Aka kira azahar, aka rufe ƙofa. Na ja Baba zuwa masallacin da ke gefe. A bakin ƙofar ya zame takalminsa ba ko gardama, ya shiga. Da suka fito, ashe sahu ɗaya suka yi da ɗan agajin, har shi ya juyo masa da takalman.

"Baba, ga shi ka cire, ba abin da ya same ka."

"Nan gidan Allah ne, ɗana. Can ɗakin mutum ne. Kuma mutumin da ke cikin takardun nan, da zai ga tulin nan a ƙofarsa, da ƙafa zai watsar da shi."

Ɗan agajin ya yi murmushi, amma bai sauya ba.

Wajen la'asar Baba ya ɗaga hanci ya ce yana jin ƙanshin ruwa. Na duba gabas, hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin. A nan haƙurina ya ƙare. Na durƙusa gabansa, na ce, "Baba, don girman Allah. Hasken nan tafiya zai yi. Gobe kayan nan sun bar gari, idonka kuma ka san halin da yake ciki. Taurin kan nan wa zai amfana? Mai sarautar ya mutu, Jagora ya mutu, saura kai da takalmi!" Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Mai fura ta ce, "Haba Malama, a hankali." Shi kuwa ya sa hannu ya shafa bakin hijabina kawai, ya ce, "Na ji, Uwata."

Muna haka sai ga motoci sun tsaya. Baƙon da aka je tarye ne, wani babban ɗan siyasa, da babbar riga da mutanensa a baya. Shugaban kwamiti na gaba yana buɗe hanya. Suka nufi ƙofa, suka tsallake tulin, suka shige. Ɗan agajin ya buɗe baki, ya rufe, ya sunkuyar da kai.

Baba bai gani ba, amma ya ji. Takalman manya a kan siminti ba sa ɓuya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya karkata kunne.

"Uwata, wannan ƙarar a ciki take ko a waje?"

Na ce, "A ciki."

Ya miƙe ba tare da na kama shi ba. Ya nufi ƙofar da sandarsa, ni ina biye. Da ya zo daidai ɗan agajin ya tsaya, ya ce, "Ɗana, zan shiga." Bawan Allah ya dubi ƙafar Baba, ya dubi cikin ɗakin, ya matsa gefe. Har ya ɗan tura takalman mutane da ƙafarsa don kada tsoho ya yi tuntuɓe.

Amma mun makara. Hadari ya riga ya rufe rana, tagogin sun yi duhu, kuma muna isa teburin farko aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba in iska ta taso. Na kai hannunsa kan gilashin. Teburin gajere ne, sai da ya sauke gwiwoyinsa ƙasa, ya kifa fuska har hancinsa na taɓa gilashin. Ban taɓa ganin Baba a durƙushe ba in ba a salla ba. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya buɗe ido iya buɗewa. Ɗan agajin ya zo da gudu da tocila ya haska, hasken ya dawo daga gilashin ya bugi idon, Baba ya kare da hannu. Aka gwada ta gefe, aka gwada ta sama. Can ƙarshen ɗaki babban baƙo na jawabi ana tafi.

Ya daɗe a haka, numfashinsa na yin gumi a kan gilashin. Sannan ya dafa kafaɗata ya tashi.

A mota ruwa na dukan rufi, ni na kasa ko kallonsa. Haushi nake ji, da tausayi, da wani abu mai kama da kunya da ban san ta wa ba ce. Da muka wuce gonakin bayan gari na tambaye shi.

"Ka gani, Baba?"

"Ban gani ba."

"Da tun da hantsi ka cire, da ka gani sarai."

Ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "Da na gani. Amma da na shiga ba takalmi, Uwata, ai ba wurin Jagora na je ba."

Kafin a yi girbi a shekarar idon ya rufe gaba ɗaya.