Fankar Sajan

Wata Lahadi ce cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji biyar. Mun dawo daga coci muka tarar da mashin ɗin Kawu Bawa, yayan Mama, a ƙofar gidanmu da ke kan dutse, bayan garin Zuru. Ya zo ɗaukar ƙanwarsa. Mama na da ciwon suga, allurarta kuma sai a cikin sanyi take zama. Kwanaki ke nan hadari ya rufe rana, farantin solar da Baba, tsohon sajan, ya saya da kuɗin sallamarsa daga soja ya zama kamar faifai a kan rufi, batir ya mutu, ƙaramin firij ɗinmu ya yi shiru. Kawu ya ce ta tattara kayanta ta koma gidansa kusa da asibiti. Mama na tsinke ganyen rama, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Yaya, dawata ta fara ciki, wa zan bar wa?" Baba kuwa ya miƙe tsaye ya ce, "Shekaru na yi ina golmo, ina noma gonar ubanku kafin a ba ni ita. Hadari ba zai raba ni da ita ba." Maganin kawai Kawu ya tafi da shi, kullum Baba ya sauka gari ya karɓo na yini.

A makon nan Baba ya fara haɗa fankarsa mai samar da wuta. Ya tsaga bututun roba ya yi fukafukai, ya samo injin caji na tsohuwar mota wurin bakanike, ya ce idan rana ta ƙi, iska za ta yi. A Jos ya ga irinta lokacin aiki, inda iska ke kaɗawa ba hutu. To, iskar Zuru ba ta san wannan ladabin ba. Ko ta kwanta luf har ganye bai motsi, ko ta taso gaban ruwa kamar mahaukaciya. Hadarin farko ya kakkarya fukafukan ya watsa su cikin gonar maƙwabta. A makaranta yara suka sa mini waƙa, wai 'yar mai jirgin da bai tashi. Na fasa wa ɗaya baki, aka yi mini bulala a gaban aji, kuma har yau ban ce a yi haƙuri ba.

Baba ya gyara fankar ya mayar da ita can sama, tsakanin duwatsu biyu inda iska ke ratsawa da la'asar. Daga nan aikin gidanmu ya bambanta da na kowa. Da safe kafin in tafi rafi sai na goge farantin sola. Idan gabas ta yi baƙi, sauran yara na gudun kwashe shanya da kora awaki, ni da ƙanena muna hawan dutse mu ɗaure fanka da igiya kada ta sake karyewa. Wutar da take bayarwa ba ta taka kara ta karya ba. Ba rediyo, ba cajin waya, fitila ma ta kananzir muke kunnawa. Amma firij ya riƙa gurnani har rana ta leƙo, allura kuma ta dawo gida.

Yanzu a Birnin Kebbi nake, inda rana ke dukan faranti har ya gaji, batura kuma sun fi na da ƙarfi. Masana sun ce iskarmu ba ta isa a dogara da ita ba, kuma ban musa musu ba. Abin da na sani shi ne Mama ta girbe dawarta a waccan shekarar, da shekaru da yawa bayanta, tana faɗa da tsuntsaye da muryarta mai kaifi da nake kewa kullum. Da lokacinta ya yi, a ɗakinta ya same ta, ba a gidan kowa ba.