Sha Bakwai Bisa Bakwai: Shekara Takwas da Rasuwar Yaya Mamman

Shekara takwas ke nan cif da rasuwar yayana Mamman baduku, wanda mutanen Birni a nan Damagaram suka sani da ɗinkin jaka da kube. Na so in rubuta abin da aka saba, in ce mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, in ajiye alƙalami. Amma watan jiya likita ya faɗa mini maganar da ta hana ni sakat, kuma ba ni da inda zan kai ƙara, tunda ni ne mai laifin.

Ni ne ɗan lekol, wato ɗan boko, a gidanmu. Yaya ya gaji wuƙa da basilla, ni na riƙe alli, na yi shekaru ina koyarwa a Garagumsa, ana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan. Da na ajiye aiki na dawo gida, sai na sayi na'urar awon tansiyo, wato hawan jini, na naɗa kaina likitan dangi ba wanda ya zaɓe ni. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan biya rumfarsa in ɗaura masa a damtse. Shi ya ɗinka wa na'urar gida da jar fatar akuya, wai bai kamata kayan Mushe su riƙa yawo a leda ba.

Lamba biyu take nunawa. Tasa ta sama kullum sha bakwai, yadda muke ƙirgawa a nan, wato ɗari da saba'in, ta ƙasa kuwa bakwai, wani lokaci ma shida. Ni kuma na taɓa jin an ce ta ƙasa ce mai kisa, na riƙe maganar kamar hadda.

"Mushe, me ta ce yau?"

"Ta sama tsufa ne kawai, Yaya. Ta ƙasa kuwa ta fi ta saurayi kyau."

"To, kun ji," sai ya ce wa abokan hira. "Masu ilimi sun sallame ni."

Da wannan sallamar tawa ya daina shan ƙwayoyin da aka rubuta masa a asibiti. Dama yana ƙorafin suna sa shi yawan fitsari, alwala ba ta zama. Ban hana shi ba. Wata safiyar Talata yana yankan fata wuƙa ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Kwana uku bai yi magana ba, Allah ya karɓi abinsa. Aka ce kwana ya ƙare, na ce haka ne, kuma har gobe haka ne.

Watan jiya jiri ya kai ni asibiti. Likitan ya auna ni ya ce, "Baba, sha bakwai bisa bakwai." Na ce alhamdu lillahi, ai ta ƙasa tana da kyau. Bai taya ni murna ba. Ya ce lafiyayyar jijiya takan buɗe in zuciya ta turo jini, sannan ta koma yadda take. In ta yi tauri, sai ta sama ta hau, ta ƙasa ta sauka. Tazarar nan da nake yi wa murna, ita ce alamar taurin, kuma yadda take faɗi haka haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya yake ƙaruwa. Ya ce akwai na'urar da ke auna taurin kai tsaye, amma su ba su da ita. Na tambaye shi ko akwai maganin da ke mayar da jijiya laushi. Ya ce, "Za mu sauke hawan, Baba, haɗarin ya ragu, in kana shan magani kullum ka kuma rage gishiri. Amma mayar da ita sabuwa, wannan babu."

Da Yaya yana wurin, da ya riga ni ganewa. Mutumin da in an kawo masa fata daga garin Dogo yakan lanƙwasa ta da yatsu biyu ya ce wannan ta bushe, za ta tsage. Da na ce masa jijiyarsa ta zama haka, da ranar ya koma shan magani. Yau da zai ji labarin, na san dariya zai yi ya ce, "Mushe, ashe kai ma kana faɗuwa jarrabawa?" Ba zai riƙe ni a zuci ba, wannan kuwa ya fi yi mini ciwo.

Ban san ko ƙwayoyin za su tsare shi ba, likitan ma ya ƙi ya yanke mini hukunci. Abin da ya rage a hannuna shi ne Habu, babban ɗansa da ya gaji rumfar. Ya haye arba'in, jikin uban ne da shi sak, har son gishirin. Juma'ar da ta wuce na je da na'urar, na roƙe shi ya miƙo hannu.

"Baffa, wannan ce fa ta ce Baba lafiyarsa lau," ya ce, ba tare da fushi ba. "A bar ni haka."

Na so in ce ba ita ta faɗa ba, ni ne. Ya karɓi jakar na'urar, ya gane ɗinkin ubansa, ya shafa mata mai ya miƙo mini. Fatar tana nan da laushinta kamar jiya aka jeme ta. Na rataya ta na kama hanyar gida, ban auna kowa ba.